Lafiyar Iyali: Kafin a ce jifa aka yi wa Iya, a fara duba ƙwaƙwalwarta

 

A makon nan zan kai ku Aujara, a ƙaramar hukumar Jahun, inda dangin mahaifiyata suke. Na nemi izinin masu labarin kafin in rubuta, kuma na ɓoye sunaye da duk abin da zai sa a gane gidan.

Kakar bara waccan, ana tsakiyar yankan gero, wata ƙanwata da ke aure a can ta kira ni bayan sallar isha'i tana kuka. Da ƙyar na samu ta yi magana. Ta ce: "Yaya, wai an ce ni na yi wa Iya asiri."

Iya uwar mijinta ce, dattijuwa da ta haura shekara 65, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk unguwa an san ta da kunya da kawaici, har yau ba ta kama sunan ɗanta na fari. Amma cikin mako uku sai ta zama wata daban. Ta daina karɓar abinci daga hannun matar ɗanta, ta ce guba ake zuba mata. Da dare sai ta ce ga waɗansu mutane nan sun hauro katanga sun tsaya mata a bakin gado. Bakin da ba a taɓa jin ashar a cikinsa ba ya koma zagi. Wata safiyar ta tashi garau a gaisa da ita, da la'asar kuma ta kasa gane ƙofar ɗakinta.

Kun san yadda irin wannan ke tafiya a gidajenmu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Daga nan wani ya ce ai abin daga cikin gida yake. Tunda kuma Iya da bakinta take kiran sunan matar ɗanta, sai ƙannen miji suka ce magana ta ƙare. Aka ce ƙanwata ta tattara kayanta ta tafi gida, da goyon wata bakwai a bayanta.

Na bar ta ta huce, sannan na yi mata tambayoyi irin namu na asibiti. Iya tana kukan ciwon kai? Ta ce kullum kanta a ɗaure yake tamau da ɗankwali. Ya tafiyarta? Ta ce tana ɗan jan ƙafar hagu, silifa sai ya riƙa zame mata, shekaranjiya ma moɗa ta suɓuce daga hannunta na hagu. Tana yawan barci da rana? Ta ce sosai. Na ce to, ta taɓa faɗuwa a 'yan watannin nan? Ta yi shiru, can ta ce: "Da damina santsi ya kwashe ta a hanyar makewayi, kanta ya bugu da turmi. Amma fa da kanta ta tashi, ko jini bai fito ba. An kusa wata biyu."

A daren na kira mijin. Ya ce: "Sista, wannan ai ba ciwon asibiti ba ne." Na ce: "Malam, ban ce a daina addu'a ba. Amma aljani ne ya sa hannun hagu da ƙafar hagu kaɗai suka yi sanyi, ya ƙyale na dama? Don girman Allah gobe da sassafe a kai ta a duba." Allah ya taimake ni ya amince. Daga Jahun aka tura su Dutse, daga Dutse aka ba su takardar zuwa Kano. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jini ne ya taru a ɓangaren dama, tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, yana danne ta.

Yadda ƙaramar faɗuwa ke jawo wannan

Ki ɗauki busasshiyar gyaɗa ki girgiza, za ki ji ƙwayar tana motsi a cikin ɓawo. Haka ƙwaƙwalwa take idan shekaru sun ja: takan ɗan tsuke, ta bar sarari tsakaninta da ƙoƙon kai. Akwai siraran jijiyoyin jini da suka ratsa wannan sarari, sun miƙe kamar igiyar shanya. Ɗan bugu kaɗan, wanda yaro zai yi ya tashi yana dariya, zai iya tsinka ɗaya daga cikinsu a kan tsoho. Jinin ba ya zuba gaba ɗaya. Ɗiga yake a hankali kamar yoyon rufin ɗaki, mako biyu, mako huɗu, wani lokaci har wata biyu ko uku. Kafin alamu su bayyana kowa ya manta da faɗuwar. Masu shan magungunan da ke tsinka jini sun fi shiga wannan haɗari.

Ƙoƙon kai ba ya buɗewa, don haka duk abin da ya ƙaru a ciki, ƙwaƙwalwa zai matsa. Kuma ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin jiki na hagu, na hagu kuma ya juya na dama. Shi ya sa jinin Iya yake dama, amma moɗa take faɗuwa daga hannun hagu.

Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa sun huda ɗan ƙaramin rami a ƙashin kanta, suka tsiyaye tsohon jinin, baƙi ƙirin kamar baƙin mai. Kwana uku da yin aikin ta nemi a ba ta carbinta.

Ƙwaƙwalwa ma tsoka ce

Abin da nake so ya zauna miki, 'yar uwa, shi ne wannan: hankali yana da mazauni a jiki, kamar yadda numfashi ke da huhu. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma a cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma kowane yanki da aikinsa.

Yankin da ke bayan goshi shi ne mai riƙe da linzami: kunya, kawaici, tsara aiki, sanin abin da ya dace a faɗa a gaban suruki. Idan ya samu matsala, mai kamun kai kan koma faɗin duk abin da ya zo bakinsa, ko mai kuzari ya koma zaman shiru ba ya ko son wanka. Yankin da ke gefe, daidai saman kunne, shi ke kula da ji, da tuna abubuwa, da tsoro, da sansanar ƙamshi. Idan shi ya taɓu, mutum kan ji ana kiran sunansa, ko ya ji ƙaurin abu yana ƙonewa alhali babu wuta, ko tsoro ya rufe shi haka kawai. Yankin ƙeya kuma na gani ne.

Saboda haka idan mara lafiya ta ce ta ga mutane a bakin gado, ba ƙarya take yi ba, ba kuma iya shege ba ne. Wurin da ke gani da ji ne ya yi aiki ba tare da an aiko shi ba, ita kuwa a wurinta abin gaskiya ne kamar yadda kike ganin wayar da ke hannunki.

Mun daɗe ba mu da hanyar leƙa cikin kan mai rai. Sai a 1971 aka fara ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mara lafiya da na'urar da muke kira siti sikan, a wani asibiti a Landan, da na'urar da injiniya Godfrey Hounsfield ya ƙera. Wadda aka fara yi wa kuwa mace ce da likitoci ke zargin tana da ƙari a gaban ƙwaƙwalwa. Daga baya na'urar MRI ta zo, wadda ta fi nuna ƙananan tabo.

Abubuwan da kan ɓoye a bayan "taɓin hankali" a yankinmu

Na farko, buguwar kai. Ba tsofaffi kaɗai ba. Ki tuna samarinmu 'yan acaɓa da ke gudu ba hular kwano, da yaran da ke faɗowa daga mangwaro ko amalanke. Wani sai an yi watanni ko shekaru sannan a ga halinsa ya juya.

Na biyu, ƙari a ƙwaƙwalwa. Akwai wani iri da ke tsirowa daga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, ya fi kama mata, musamman daga shekara 40 zuwa sama. Yawancinsa ba kansa ba ne, kuma girmansa a hankali yake. Idan a bayan goshi ya fito, zai iya yin shekaru ba abin da ake gani sai canjin hali, da mantuwa, da daina jin ƙamshi. Sau da yawa ana iya cire shi.

Na uku, farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ita, kuma kusan bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace. Amma ba kowace farfaɗiya ce ke kayar da mutum yana kumfa ba. Idan tabon yana yankin saman kunne, za ki ga yarinya ta tsaya cak ta ƙura wa wuri ɗaya ido, tana taune baki ko tana murza bakin hijabinta, ki kira ta ba ta amsa ba, bayan minti ɗaya ko biyu ta dawo ba ta san abin da ya faru ba. Kafin nan takan ji wani abu ya taso mata daga ciki, ko wani wari, ko tsoro. A gidajenmu nan take za a ce mutanen ɓoye ne suka shafe ta. Akwai kuma mai farfaɗiyar da zai yi faɗuwa a jere, ya warware kwana ɗaya ko biyu kamar komai ya wuce, sai kuma ya fara jin muryoyi da zargin mutane. Likitoci sun san wannan, kuma yana da magani.

Na huɗu, cututtukan da ke shiga ƙwaƙwalwa: sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Iyayenmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan. A ɓarkewar 2023 kuma Jigawa ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafi mai kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma jiharmu na cikin inda aka yi ta. Yaron da ya tashi daga sanƙarau zai iya fita da tabo: kurumta, farfaɗiya, ko canjin hali. Idan ya koma faɗa da rashin ji bayan jinya, ki fara tunanin tabon kafin ki ɗauki bulala.

Na biyar, toshewa ko fashewar jijiyar jini, wato abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, musamman ga masu hawan jini da masu sikila. Wani lokaci ruɗewa da sambatu ne ke fara bayyana kafin a lura da hannu ko baki.

Na shida ya shafe mu kai tsaye: mai ciki da mai jego. A cikin haihuwa dubu, mace ɗaya ko biyu kan samu rikicewar hankali a makonnin farko, ta kasa barci, ta riƙa surutai, ta ƙi jaririn ko ta ce za a sace shi. Wannan kansa ciwon gaggawa ne, kuma ana warkewa. Amma idan ya haɗu da matsanancin ciwon kai, ko gani dishi-dishi, ko jijjiga, to ana tsoron hawan jinin masu ciki ko daskarewar jini a jijiyoyin kai. Wannan ba ya jiran a yi suna.

Idan hoto bai nuna komai ba fa?

A nan dole in gaya miki gaskiya, kada gobe kowa ya sayar da akuya ya tafi ɗaukar hoto. Mafi yawan samari da 'yan matan da taɓin hankali ke kamawa tsakanin shekara 16 zuwa 30, idan an yi musu hoto ba za a ga ƙari ko jini ba. Ciwon da ake kira sikizofireniya, wanda ke kama kusan mutum ɗaya cikin 300 a duniya, yana cikin waɗannan. A 1976 wata likita a Ingila, Eve Johnstone, ita da abokan aikinta sun yi wa masu wannan ciwo su 17 siti sikan, suka ga ramukan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwarsu sun fi na masu lafiya faɗi. Wannan ya nuna ciwon yana da tushe a jiki. Sai dai bambancin na fitowa ne idan aka kwatanta jama'a da jama'a, ba a iya kallon hoton mutum ɗaya a ce yana da ciwon ko ba shi da shi. Da hira da bincike likita ke gane shi.

To idan likita ya ce hoto lafiya lau, kada wani ya ce miki "kin gani ko, dama mun ce iska ce". Hoton yana nuna ginin ne kawai. Gida zai iya tsayawa ƙalau ba tsaga ko ɗaya, amma wayar wutarsa ta harɗe a cikin bango. Magani na aiki a kan wannan ma, kuma gwargwadon saurin farawa, gwargwadon sauƙin da ake samu. Haka nan wiwi da taramol da kodin da sholisho duk suna iya jefa yaro cikin gane-gane, shi ma asibiti ne maganinsa.

Alamomin da ba a kwana da su

Idan wani a gidanki ya fara gane-gane, ko jin muryoyi, ko zargin za a cutar da shi, sannan akwai ko da ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibiti a ranar:

1. Ya haura shekara 40 kuma bai taɓa yin irin haka ba.
2. Ya bugu a ka cikin watanni ukun da suka wuce, komai ƙanƙantar buguwar.
3. Sabon ciwon kai mai ƙaruwa, musamman da asuba, ko mai haɗe da amai.
4. Jijjiga, ko suma, ko tsayawa cak na ɗan lokaci.
5. Sanyin hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, karkacewar baki, ko harɗewar harshe.
6. Yawan barci, ko rashin sanin inda yake da ranar da ake ciki, ko hankalin ya riƙa zuwa yana tafiya.
7. Zazzaɓi, musamman da sandarewar wuya.
8. Canjin tafiya, ko fitsarin kwance ga babba.
9. Tana da ciki, ko ba ta yi arba'in ba.

Abin da za ki yi da hannunki

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita zai ga mara lafiyar minti goma ne, ke kuwa kina tare da shi dare da rana, don haka labarinki rabin bincike ne. Ki rubuta a wayarki ranar da abin ya fara, da abin da ya fara canzawa, da duk faɗuwa ko zazzaɓi ko haihuwar da ta gabace shi. Idan yana jijjiga ko tsayawa cak, ki ɗauki ɗan bidiyo don likita kaɗai, ba don turawa a guruf ba. Ki kwashi duk magungunan da yake sha, na kemis da na gargajiya, a leda ɗaya ki tafi da su.

Kada ki yi musu da shi a kan abin da yake gani, kada kuma ki ce kin gani. Ki ce: "Na ga kina jin tsoro, Iya, ina nan tare da ke." Ki kawar da wuƙa da igiya da fiya-fiya, a rufe bakin rijiya. Mai jegon da ta rikice kada a bar ta ita kaɗai da jariri, amma kada a yi mata gori. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa ko rubutu, ba a kanga ƙafarsa a wuta. Yawunsa ba ya yaɗa cutar. Idan jijjigar ta wuce minti biyar, sai asibiti.

Kuma don Allah ban da duka, ban da mari, ban da kullewa a ɗaki. Duk mun ga hotunan mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a watan Satumban 2019, da yawa da sarƙa a ƙafa. A Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya na samun magani da kare mutuncinsa. Ki yi tunanin da Iya aka ɗaure, da jinin nan yana ci gaba da taruwa a kanta.

Ki fara da babban asibitin da ya fi kusa da ke, su za su auna jini da sukari da zazzaɓi, su ga ko akwai buƙatar turawa gaba. A Dutse akwai Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, a Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, a Kazaure akwai asibitin masu taɓin hankali na jiha. A Kano akwai na Dawanau, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano inda ake da likitocin ƙwaƙwalwa da masu tiyatarta. Hoton yana da tsada, ba zan ɓoye miki ba, shi ya sa likita ne ya kamata ya ce a yi ko kada a yi. Amma a gidan su Iya, da muka yi lissafin abin da ya tafi a mako uku na yawon neman magani, har da tunkiya biyu, ya kusa isa kuɗin hoton.

Addu'a da asibiti kuwa ba kishiyoyi ba ne. Malam ya yi tofinsa a bakin gadon asibiti, mu ma muna cewa amin.

Iya ta koma Aujara bayan kwana goma sha biyu. Ba ta tuna zagin da ta yi, ba ta tuna mutanen katanga. Da ta shiga gida ta duba ba ta ga matar ɗanta ba, ta tambaya, aka yi ta kame-kame. Da ta ji abin da ya faru sai ta rufe fuska da mayafi. Ita da kanta ta sa aka je biko, kuma ranar da ƙanwata ta dawo, daga hannunta ta fara karɓar kunu. Sai dai har yau akwai gida biyu a layin da ba sa aiko yaransu karɓar wuta a wurinta. Jinin kan Iya an tsiyaye shi cikin awa guda, amma sunan da aka laƙa wa yarinyar nan bai gama wankuwa ba.

Idan kin taɓa ganin irin wannan a gidanku ko a maƙwabta, ki ba mu labari a ƙasa, amma ban da sunaye. Tambayoyinku ina karantawa, sai dai ba na rubuta magani ta waya. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu zauna a kan farfaɗiyar yara da zuwa makaranta, tunda da yawanku kun nema. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada.